Abin da taurarin 'yan kallo suke ɓoyewa: fashin baƙi kan fim ɗin The Gymnast

A gasar Olamfik ta 2004 a birnin Atens na ƙasar Girka, ɗan wasan jimnastik (wasan tsalle da lanƙwasa jiki) na Rasha Alexei Nemov ya hau sandar sama, ya yi ta sakin hannu yana juyawa a iska yana sake cafke sandar, sau bayan sau, har ya diro ƙasa da taku guda. Alƙalai suka ba shi 9.725. Nan take zauren ya kaure da ihu. 'Yan kallo suka hana wasa ci gaba na tsawon mintuna, har aka ɗaga makin zuwa 9.762, amma ko a jikinsu. Sai da Nemov da kansa ya fito ya ɗaga hannu yana roƙonsu su yi shiru, su bar na bayansa ya yi nasa wasan. Alƙalai takun nan na dirowa suka kalla. Jama'a kuwa ƙarfin halin mutumin da ya yi ta jefa kansa a iska suka kalla. Babu maƙaryaci a cikinsu, lamba ɗaya ce kawai ta kasa ɗaukar abubuwan biyu. A gasar ce kuma aka yi kuskure wajen lissafin makin farawa (makin da ake ba wahalar wasa kafin a cire na kurakurai) na Yang Tae-young ɗan Koriya ta Kudu, kuskuren da ya jawo doguwar taƙaddama kan zinaren da Paul Hamm na Amurka ya ɗauka. Zuwa 2006, hukumar jimnastik ta duniya ta yi watsi da tsohon tsarin nan na maki 10 cif, wanda Nadia Comaneci ta yi suna da shi a Montreal a 1976 tana da shekara 14. Aka raba makin gida biyu: na wahalar abin da ɗan wasa ya ɗauko, da na tsabtar yadda ya aikata shi.

A wannan shekarar ta 2006 ne wani ƙaramin fim na Amurka mai suna The Gymnast ya fito. Ned Farr ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, Dreya Weber da Addie Yungmee suka ja ragamarsa. Na kawo labarin Nemov ne saboda matsalar da 'yan jimnastik suka warware a wasansu, har yau masu sharhin finafinai a intanet ba su warware ta ba, kuma babu inda take fitowa ƙarara kamar a sharhin da 'yan kallo ke rubutawa kan irin wannan fim.

Labarin bai da sarƙaƙiya. Jane ta haura shekara 40. A ƙuruciyarta 'yar jimnastik ce da ake sa ran za ta yi nisa, sai rauni ya datse mata hanya. Yanzu tausa take yi wa mutane don neman abin kai, tana zaune a gidan auren da ya yi sanyi, tana kuma son haihuwa. Ta koma ɗakin atisaye, aka jawo ta cikin wani shiri na rawar ƙyalle, wato wasan da ake hawa dogon yadi mai rataye daga rufi ana lanƙwasa jiki a sama, da burin a kai shi dandalin Las Vegas. A nan ta haɗu da Serena, 'yar rawa 'yar asalin Koriya wadda wasu Yahudawan Amurka suka riƙa tun tana ƙarama. Aiki ya haɗa su, shaƙuwa ta shiga, daga nan soyayya. Wato fim ne na maɗigo, kuma bai ɓoye hakan ba.

To, mutum ya gama kallo, ya buɗe ɗaya daga shafukan intanet na sharhin finafinai, IMDb ko Rotten Tomatoes ko Letterboxd, aka ce masa ya ba da taurari. Wace tambaya yake amsawa?

Ga wani lissafi mai sauƙi da nake so mai karatu ya riƙe. A ce mutum 10 sun kalli fim. Shida suka ba shi 6, huɗu suka ba shi 7. Matsakaicin maki ya tashi 6.4. A ce kuma wasu mutum 10 sun kalli wani fim daban, shida suka ba shi 10, huɗu suka ba shi 1. Matsakaici dai 6.4 ne. Fim na farko kowa ya yarda matsakaici ne. Na biyu kuwa ba wanda ya gan shi a matsayin matsakaici ko mutum ɗaya. Wasu sun yi kuka a gabansa, wasu sun tsane shi. Amma a saman shafi lamba iri ɗaya za ka gani. Finafinan soyayyar jinsi ɗaya sun fi faɗawa cikin rukuni na biyu, shi ya sa idan ka buɗe jadawalin da ke nuna yadda ƙuri'u suka rarrabu, sau da yawa za ka ga tudu a can sama, wani tudun a can ƙasa, tsakiya ta lotsa. IMDb ta san da wannan. Ta faɗa da bakinta cewa lambar da take nunawa ba tsurar matsakaici ba ce, tana ba wasu ƙuri'u nauyi fiye da wasu, kuma ba ta bayyana yadda take yi don kada a yi mata wayo. Rotten Tomatoes kuma makinta na 'yan kallo kaso ne na waɗanda suka ba da tauraro uku da rabi cikin biyar zuwa sama, don haka wanda ya ce "ba laifi" da wanda ya ce "ya canza mini rayuwa" duk ana yi musu kuɗin goro.

Masu ba da 10 ɗin nan, galibi ba ingancin hoto ko sauti suke aunawa ba. Idan ka karanta abin da suke rubutawa, za ka ga rabin sharhin ma ba kan fim ɗin yake ba, kan rayuwarsu yake: shekarun da mace ta yi tana jin ita kaɗai ce a duniya, ko ranar da ta fara ganin mai kama da ita a allo ba tare da an mai da ita abin dariya ko abin tsoro ba. Ruwa ba ya tsami banza. A Hollywood an yi wata ƙa'idar tace finafinai da ake kira ta Hays, an rubuta ta a 1930, aka fara aiki da ita da gaske a 1934, ba a ajiye ta ba sai 1968. Shekaru masu yawa ƙa'idar ta hana a nuna irin wannan alaƙa kwata-kwata, kuma ko da aka sassauta, al'adar da ta bari ita ce duk wadda aka nuna da wannan hali sai ta ƙare da mugun ƙarshe. A 1961 an yi wani fim da Audrey Hepburn da Shirley MacLaine suka fito a matsayin malaman makaranta biyu da aka yi wa ƙazafi. Ɗayar ta gane lallai tana son abokiyarta, fim ya ƙare ta kashe kanta. Wannan salo ya daɗe har masu kallo suka saba shiga irin waɗannan finafinai gabansu na faɗuwa, suna jiran a kashe ɗaya. Saboda haka tambayar farko da da yawansu ke yi wa juna kafin su kalla ita ce: shin akwai wadda ta mutu? Fim ɗin da ya bar matan biyu da ransu ya riga ya ci taurari masu yawa a wajensu tun kafin a zo maganar ko marubucin ya iya tsara zance.

A kuma tuna da lokacin. A 2006 shekara uku kacal ke nan da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin jihohi masu hukunta mu'amalar jinsi ɗaya, a hukuncin 2003. Jihar Massachusetts kaɗai ce ke ɗaura auren jinsi, tun 2004, kuma sai a 2015 hukuncin kotun ya game ƙasar baki ɗaya. Wanda ya rubuta sharhi a 2007 cikin ƙishirwa ya rubuta. Wanda ya rubuta a 2022, bayan ya ga ɗimbin irin waɗannan labarai a manyan manhajojin kallo da kuɗi mai yawa a bayansu, da ido mai zaɓe ya rubuta. Shafin kuwa ya tara su wuri guda kamar rana ɗaya aka rubuta su. Ni dai kafin in karanta sharhi, kwanan watansa nake fara dubawa.

Sai kuma maganar waɗanda suka kalla tun asali. The Gymnast ba fim ba ne da ya cika manyan gidajen sinima. Ta bukukuwan finafinai ya bi, ciki har da Outfest na Los Angeles, wanda aka kafa a 1982 domin finafinan 'yan luwaɗi da maɗigo, inda ya samu karɓuwa a wajen alƙalai da 'yan kallo. Daga baya kamfanin Wolfe Video, wanda tun 1985 sana'arsa ke nan rarraba irin waɗannan finafinai, ya fitar da shi a faifai. Ke nan mafi yawan waɗanda suka gan shi da farko nemansa suka yi da ƙafarsu. Wanda ya sayi tikitin irin wannan biki ya san abin da ya zo gani. Lambar 'yan kallo a wurin gaskiya ce, amma gaskiyar wancan zauren ce.

A ɗaya gefen akwai masu ba da tauraro ɗaya, kuma su ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya kunna fim yana zaton na wasanni ne, saboda sunan da hoton, yana jiran gasa da lambar zinare, sai ya tarar da labarin aure da soyayya. Ɓacin ransa na gaske ne, sai dai da tallar yake faɗa. Akwai wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba su yarda da maɗigo ba, kuma irinsa suna da yawa a duniya, har a cikin Amurka. Wannan matsayi ne da mai shi ke da damar riƙewa, yana da damar ƙin kallo, yana da damar faɗa wa mutane dalilinsa a fili. In ya rubuta cewa abin da fim ɗin ke nunawa ne bai amince da shi ba, ya yi wa mai karatu adalci, domin kowa ya san ma'aunin da ya ɗauka. Inda nake ganin an kauce shi ne a zo a dangwala tauraro ɗaya ba tare da an kalla ba, a bar mai karatu yana zaton aikin ne ya lalace. Haka ma wanda ya dangwala 10 bai kalla ba, don kawai ya rama. Dukansu biyun ƙuri'ar ra'ayi suka kaɗa a akwatin da aka ajiye don auna aiki. Abin ya yi ƙamari a manyan finafinai har Rotten Tomatoes ta hana rubuta sharhi kafin fim ya fito a farkon 2019, sannan a watan Mayun shekarar ta fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Ƙaramin fim na 2006 da ake kallo a gida bai da wannan kariya, kuma da yake masu ƙuri'arsa ba su da yawa, 'yan tsirarun mutane na iya karkatar da lambar.

Sharhin da na fi amfana da shi, a gaskiya, na waɗanda suka san wasan ne da jikinsu: tsofaffin 'yan jimnastik, 'yan rawa, masu koyon hawa ƙyalle. Su ba labarin suke fara kallo ba, hannu da ƙafa suke kallo. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin ƙyallen nan ya san yadda abin yake. Yadi ne biyu masu santsi, babu ƙulli, babu mataki. Za ka damƙe shi sama da kanka, ka naɗe shi a ƙafa ɗaya, ka taka shi da ɗayar don ya riƙe, ka miƙe, ka sake damƙa a sama. Kafin ka yi nisa damatsanka sun fara rawa. A can sama za ka naɗa shi a cinya da ƙugu bisa wani tsari da ba ya karɓar kuskure, sannan ka saki jiki ka gangaro, naɗin yana warwarewa har ya tsayar da kai kafin ƙasa. Inda yadin ya goga, bayan gwiwa da hammata da idon sawu, fata kan ƙone ta yi ja. Babu igiyar tsaro. A yawancin finafinan wasanni, jaruma daban take, mai yin wasan daban, shi ya sa kyamara ke yawan yankewa: a nuna fuska, a yanke, a nuna jiki daga nesa ko ta baya. Dreya Weber kuwa sana'arta ce. Ita ce ta tsara wa manyan mawaƙa wasan sama a dandalinsu, har da wanda Pink ta yi a bikin Grammy na 2010. Saboda haka kyamara ba ta buƙatar ɓoye komai. Fuskar da ke wahala da hannun da ke riƙe da yadin na mutum ɗaya ne. Jiki magayi, kuma masanan nan suna jin hakan tun daga kujerarsu.

Wannan batu ya wuce burgewa kawai, domin a nan ne fim ɗin ke yin abin da zancen bakinsa bai iya ba. Mutum biyu a kan ƙyalle ɗaya, ɗaya ta riƙe wuyan hannun ɗaya a sama, dole kowacce ta ba da nauyinta gaba ɗaya ga 'yar uwarta. Ba a yin rabin yarda a can. Mai kallon da ya lura da wannan zai ce shaƙuwar ta ginu a hankali kuma ya gamsu da ita. Wanda kunnensa ke kan hira kawai zai ce bai ga lokacin da soyayyar ta fara ba. Sau da yawa saɓanin masu sharhi kan ko matan biyu sun dace da juna daga nan yake tasowa, ba tare da su kansu sun gane ba.

Su kuwa masu auna sana'ar fim, ƙorafinsu sananne ne a kan duk wani aiki mai ƙaramin jari: labari na tafiya a hankali, wasu 'yan wasan gefe ba su kai ba, wasu maganganu sun yi kama da karatu. Ban ga laifinsu ba.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani shi ne batun mijin. Jane matar aure ce. Akwai masu kallo, har daga cikin waɗanda ba su da matsala da soyayyar jinsi ɗaya, da ke cewa cin amana cin amana ne, ko da wa aka yi shi. Suna kuma zargin irin waɗannan labarai da wata dabara: a zana mijin a matsayin mai sanyin zuciya ko mai son kansa, don mai kallo ya yafe wa matar cikin sauƙi. Wasu kuma suna ganin auren ya mutu tun kafin Serena ta bayyana, kuma abin da Jane ta fara samu a ɗakin atisaye ba masoyiya ba ce, jikinta ne da ta binne shekara da shekaru. Ina ganin ɓangarorin biyu kowanne ya kama wani abu na gaskiya, kuma wannan gardama ta fi ta masu 10 da masu 1 amfani nesa ba kusa ba, domin mutanen da ke yin ta sun zauna sun kalla, suna jayayya kan abin da ke cikin fim ɗin. Abin takaici shi ne yawancinsu taurari biyar zuwa bakwai suke bayarwa, kuma shafukan sukan tura irin wannan sharhi ƙasa, su ɗaga na masu zafi sama, tunda su ake yawan dannawa.

Akwai kuma wasu masu kallo da ba a cika lura da su ba: matan da suka manyanta, waɗanda ba ruwansu da batun maɗigo, amma labarin macen da aka gama da ita tun tana ƙarama ya taɓa su. Jimnastik na mata wasa ne da ya daɗe yana cin ƙuruciya. Sai a 1997 aka ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga manyan gasa zuwa 16. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, duniya ta tafa wa Kerri Strug 'yar Amurka da ta yi tsalle ta diro a kan ƙafa mai rauni, kocinta ya ɗauke ta a hannu zuwa wurin karɓar lamba. Yarinya takan ba wasan nan duk yarintarta, sannan kafin ta kai 20 a ce mata ta tsufa, ko rauni ya ce mata haka. Mace mai shekara 40 da 'yan kai tana hawa ƙyalle da ƙarfin damtsenta, ga irin waɗannan masu kallo, shi ne zuciyar fim ɗin. Oksana Chusovitina ta Uzbekistan ta nuna abin ba tatsuniya ba ne, da ta shiga gasar Olamfik karo na takwas a Tokyo a 2021 tana da shekara 46.

Idon masu kallon wasan kansa ma ya sauya. A Janairun 2018 kotu a jihar Michigan ta yanke wa Larry Nassar, tsohon likitan tawagar jimnastik ta Amurka, ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a gaban kotu sun faɗi irin cin zarafin da ya yi musu. A 2021 Simone Biles ta janye daga wasu gasanni a Tokyo saboda ta daina gane inda jikinta yake idan tana juyawa a iska, kuma mutane da yawa suka mara mata baya, abin da da wuya a gani a zamanin Strug. Wanda ya kalli The Gymnast a 2006 ya ga mace da rauni ya hana ta cika burinta. Wanda ya kalle shi bayan 2018 yana iya tsayawa ya tambayi abin da aka yi wa yarinyar kafin raunin, wa ya tura ta, wa ya kamata ya ce ta huta bai ce ba. Fim ɗin bai canza ko daƙiƙa ɗaya ba, amma sharhin da aka rubuta kafin shari'ar Nassar da wanda aka rubuta bayanta suna nan jere a shafi guda, ana haɗa taurarinsu ana rabawa.